Babi na Uku: Damuwar Yau da Kullum da Nauyin da Ba a Saukewa

Hausa tana da kalmomi da dama da take kiran halin da mutum yake shiga idan al'amura suka yi masa yawa, kuma kowace daga cikinsu tana kama wani gefe ne na abin: akwai fargaba, wadda take tsoron abin da ke tafe, akwai zullumi, wanda yake zaman jiran abin da ba a san yadda zai kaya ba, akwai ɓacin rai, wanda yake biyo bayan abin da ya riga ya faru, sannan akwai yawan tunani, wanda shi ne sunan da jama'a suka fi ba wa lamarin idan ya daɗe har ya fara ramar da mai shi. Masanan Turai da Amurka da suka fara nazarin wannan hali a ƙarni na ashirin sun aro kalmarsu ce daga wajen injiniyoyi, waɗanda suke amfani da ita wajen auna ƙarfin da ke danne ƙarfe ko katako a jikin gini, kuma duk wanda ya san yadda azarar giginya take ɗauke da rufin soro zai gane abin da suke nufi ba tare da dogon bayani ba. Azara takan ɗauki nauyin ƙasar rufi shekara da shekaru ba ta gaza ba, amma idan ana ƙara mata yaɓe kowace damina ba a rage na da ba, sai ta fara lanƙwasa a hankali, har ranar da za ta karye a ƙarƙashin ruwan da bai fi na bara yawa ba. A wannan babi za a kira nauyin da ke zuwa daga waje da sunan matsi, a kira martanin da jiki da zuciya suke mayarwa da sunan damuwa, domin rarrabe su shi ne matakin farko na gane inda gyara zai yiwu.

Martanin da jiki yake mayarwa ga haɗari tsari ne na ceton rai, kuma wanda ya fara bayyana shi dalla-dalla shi ne Walter Cannon, masanin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Harvard, a littafin da ya wallafa a 1915 kan sauye-sauyen da jiki yake yi a lokacin zafin ciwo da yunwa da tsoro da fushi. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango barazana, kafin ma mutum ya gama tantance mene ne, sai saƙo ya bi ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda suke tsarto sinadarin adirenalin cikin jini a 'yan daƙiƙoƙi. Zuciya takan ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukarin da ta adana, jini ya bar hanji da fata ya nufi manyan tsokokin ƙafa da hannu, yawu ya bushe a baki, duk domin mutum ya iya ɗayan biyu, ko ya yi faɗa ko ya gudu. Bayan wannan akwai hanya ta biyu mai tafiyar hawainiya, inda wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa yake aika sinadarin saƙo ta cikin jini, saƙon ya ratsa wata ƙaramar gaɓa da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daga nan ya isa saman ƙoda, a saki sinadarin kotizol, wanda yake kaiwa ƙololuwa kamar minti 20 zuwa 30 bayan tashin hankalin. Aikin kotizol shi ne ya tabbatar da cewa sukari bai yanke wa ƙwaƙwalwa da tsoka ba, kuma ya dakatar da ayyukan da za su iya jira, irin su narkar da abinci, gyaran nama, sha'awa da wani ɓangare na garkuwar jiki. Shi kansa kotizol ba guba ba ne, domin ko a jikin mai kwanciyar hankali yana tashi da asuba ya taimaka masa ya farka, sannan ya yi ta raguwa har zuwa tsakar dare.

Wanda ya gano cewa wannan tsarin ceto yana iya juyewa ya zama mai cutarwa shi ne Hans Selye, likita haifaffen Biyana wanda ya yi aiki a Jami'ar McGill da ke Montiriyal a Kanada. A 1936 ya wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar Nature inda ya nuna cewa ɓerayen da aka wahalar da su ta hanyoyi mabambanta, wasu da sanyi, wasu da allurar sinadarai, wasu da gudun dole, duk sun ƙare da lahani iri ɗaya: gaɓoɓin saman ƙoda sun kumbura, gaɓoɓin garkuwar jiki sun ƙanƙance, kuma gyambo ya fito a cikinsu. Daga nan ya tsara cewa jiki yana bin matakai uku, wato firgita, sannan jurewa, sannan ƙarewar ƙarfi idan matsin ya ƙi ɗagawa. Masanan da suka biyo baya sun gyara masa mataki na uku, domin sun ga cewa sinadaran ba ƙarewa suke yi ba, ci gaba da kwararowarsu ne yake yin ɓarnar, kuma a 1993 Bruce McEwen da Eliot Stellar suka ba wannan ɓarna suna da ke nufin kuɗin da jiki yake biya a hankali saboda yawan tashi tsaye ba tare da komawa zaune ba. Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin gwaggon biri a dajin Kenya, ya bayyana bambancin da ke tsakanin dabba da mutum da misalin jakin dawa, wanda idan zaki ya kore shi, cikin 'yan mintoci an gama magana, ko dai ya tsira ya koma kiwo ko kuma ya zama nama. Ɗan Adam kuwa yana iya kunna wannan tsari gaba ɗaya yana kwance a kan shimfiɗarsa, da tunanin kuɗin haya da zai cika wata uku masu zuwa, ko da maimaita wata baƙar magana da aka faɗa masa a makon jiya, kuma jikinsa ba ya bambanta zaki na gaske da zakin da tunani ya zana masa.

Ƙananan abubuwa masu maimaituwa

Na wani lokaci an ɗauka cewa manyan musibu su ne ma'aunin damuwa. A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Jami'ar Washington, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera al'amura 43 na rayuwa suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake girgiza zaman mutum, inda mutuwar miji ko mata ta samu 100, mutuwar aure ta samu 73, shi kansa aure ya samu 50, abin da ke nuna cewa ko abin farin ciki yana da nasa nauyin, kamar yadda duk uban da ya taɓa haɗa kayan ɗakin 'yarsa zai shaida. Amma a 1981 Richard Lazarus da abokan aikinsa a Kalifoniya suka bi mutum 100 masu matsakaicin shekaru na tsawon watanni suna tambayarsu ƙananan abubuwan da ke ɓata musu rai, irin su tsadar kaya, ɓatan wani abu a gida, yawan aiki da rashin lafiyar wani na kusa, sai suka tarar cewa waɗannan ƙananan abubuwa sun fi manyan al'amura nuna wanda zai shiga halin ƙunci. Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya dubi yadda al'umma take tarbar musiba. Idan aka yi rasuwa a gidan Bahaushe, akwai zaman makoki, akwai masu kawo abinci, akwai addu'ar uku da bakwai da arba'in a inda ake yin su, akwai takaba mai ƙayyadadden lokaci, wato al'ada da addini sun gina wa baƙin cikin hanya mai farko da ƙarshe. Babu wanda yake zuwa jaje ga magidancin da kuɗin cefanen da ya saba bayarwa ya daina isa, ko ga matar da take tashi kafin asuba ta nemi ruwa, ta shirya yara biyar, ta yi sana'arta, ta kuma zauna da kishiyar da ba sa ga maciji, alhali kuwa wannan nauyi yana dawowa kowace safiya ba tare da ranar sauka ba.

Hujjojin da ke nuna cewa irin wannan nauyi yana taɓa lafiya sun fito ne daga gwaje-gwajen da aka tsara da kyau. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwajin da aka yi a wata cibiyar binciken mura da ke Salisbury a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci bayan an auna yawan damuwar da kowannensu yake ciki, sai aka ga cewa kashi 27 cikin 100 na masu ƙarancin damuwa ne suka kamu da mura, yayin da adadin ya kai kashi 47 a tsakanin masu yawanta. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohayo ta yi wa wasu mata masu jinyar 'yan uwansu da cutar mantuwa ta kama ɗan ƙaramin rauni a hannu, ta yi wa wasu mata sa'o'insu irinsa, sai raunin masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana tara fiye da na sauran kafin ya warke. Duk da haka akwai buƙatar taka-tsantsan, domin an daɗe ana ɗora wa damuwa laifin da ba nata ba ne ita kaɗai. Gyambon ciki shi ne babban misali: shekaru da yawa likitoci suna cewa tunani ne yake kawo shi, har sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, Marshall ya kai ga shan ƙwayar da kansa a 1984 don ya gamsar da masu shakka, kuma aka ba su lambar Nobel a 2005. Haka ma hawan jini, wanda ake yawan cewa wane ya sa wa wance shi, yana da alaƙa da gado da shekaru da ƙiba da yawan gishiri, damuwa tana ƙara masa wuta ne, don haka wanda aka ɗora a kan magani ba ya ajiye shi don kawai hankalinsa ya kwanta.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa nauyi iri ɗaya yake karya wani ya bar wani, kuma amsar da ta fi ƙarfi ta zo ne daga gwajin da Jay Weiss ya yi da ɓeraye a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. Ya haɗa ɓeraye biyu a waya ɗaya ta yadda wutar lantarkin da ke jan ɗaya ita ce take jan ɗayan, daidai wa daida, sai dai na farko yana da wata 'yar ƙafa irin ta keke da zai juya ya tsayar da wutar, na biyu kuwa tasa ba ta aiki. Wanda ba shi da iko ya fi samun gyambon ciki nesa ba kusa ba, ko da yake azabar da suka sha ɗaya ce, haka kuma ɓeran da ake yi wa ƙararrawa kafin wutar ta zo ya fi wanda take zuwar masa ba zato lafiya, saboda shi ya san lokacin da zai saki jikinsa. An ga irin wannan a tsakanin mutane a binciken ma'aikatan gwamnatin Birtaniya da aka fara a 1967 da maza kimanin 18,000, wanda Michael Marmot ya shahara da shi, inda aka tarar bayan shekara goma cewa masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku a yawan mace-mace, kuma shan taba da hawan jini da makamantansu ba su bayyana ko rabin tazarar ba. Zagaye na biyu na binciken, wanda aka fara a 1985 da maza da mata sama da 10,000, ya nuna cewa rashin ta-cewa a kan yadda mutum zai gudanar da aikinsa yana cikin abubuwan da ke haɗe da ciwon zuciya. Wannan ya rushe tsohon zaton cewa mai gida ne ya fi shan wahala saboda yawan shawarar da yake yankewa. Yaron shago da ake aika ba a tambayar ra'ayinsa, wanda bai san ranar sallamarsa ba, shi ne a bakin wuta.

Idan aka ɗauki waɗannan ma'aunai biyu, wato iko da sanin abin da ke tafe, aka auna rayuwar birane irin su Kano da Kaduna da Zariya a 'yan shekarun nan, za a ga dalilin da ya sa koke ya yawaita. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mutum yana da kuɗi a asusu amma ya wuni a layin banki bai san ko zai samu ba. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100. Tsadar kanta nauyi ce, amma abin da ya fi cin rai shi ne rashin sanin farashin gobe, kamar yadda tela ko mai walda ba ya shan wahalar rashin wuta kamar yadda yake shan wahalar rashin sanin sa'ar da za a kawo ta. Akwai kuma abin da talauci yake yi wa tunani kansa, wanda wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2013 ya nuna a tsakanin manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya: manoman nan ɗaya, an gwada kaifin tunaninsu kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, aka sake gwadawa bayan an biya su, sai suka fi ƙoƙari a karo na biyu, kuma masu binciken suka danganta hakan da yadda lissafin bashi yake cinye wani kaso na hankali. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan lokaci sarai, tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga taki ga 'yan ƙwadago. Wajibi ne littafi irin wannan ya faɗi gaskiya cewa babu dabarar numfashi da za ta sauko da farashin masara, kuma mai ba wa talaka shawarar ya rage tunani ba tare da ya dubi abin da ke sa shi tunanin ba, ya raina masa hankali ne.

Inda gyara yake yiwuwa

Sai dai tsakanin matsi da damuwa akwai wani tsani, wanda Lazarus da Susan Folkman suka yi wa cikakken bayani a littafinsu na 1984, wato hukuncin da zuciya take yankewa cikin gaggawa kan tambayoyi biyu: shin wannan abu barazana ne gare ni, kuma shin ina da abin da zan tunkare shi da shi. Damuwa tana tashi ne idan amsar farko ta zama e, ta biyu ta zama a'a, kuma tunda hukunci ne, yana iya zama daidai, yana iya zama kuskure. Wannan fahimta ta girmi ilimin Turai da shekara dubu, domin Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Balkh da ke Afganistan ta yau, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus inda ya ware babi-babi ga fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake saukowa ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunane-tunane masu gyara zuciya tun yana cikin natsuwa, kamar yadda mai lafiya yake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Lazarus da Folkman sun raba hanyoyin tunkarar matsi gida biyu, masu nufin warware matsalar kanta da masu nufin kwantar da zuciya, kuma ƙwarewar tana wajen sanin wacce ta dace da wane hali. Bashin da ake bin mutum yana buƙatar a je a zauna da mai shi a tsara biya, ba a yi ta kauce wa layinsu ba. Rashin lafiyar mahaifiya da likitoci suka ce sai dai lallaɓawa kuwa yana buƙatar zuciyar da ta karɓi abin da ba za ta iya sauyawa ba. Malamai sun daɗe da bambanta tawakkali, wanda yake zuwa bayan an yi abin da za a iya, da sakacin da ake yi wa laƙabi da tawakkali, kuma irin wannan bambanci ya kamata a yi wa haƙuri, wanda Bahaushe yake kira maganin zaman duniya: akwai haƙurin da yake jurewa yana neman mafita, akwai kuma haɗiye magana shekara goma, wanda jiki yake biyan kuɗinsa.

Yawan tunani shi ne injin da yake hana martanin jiki mutuwa bayan abin da ya tayar da shi ya wuce, kuma umartar mutum ya daina tunani ba ta aiki, sau da yawa ma ƙara masa take yi. Abin da ya fi amfani shi ne dabarar da Thomas Borkovec na Jami'ar Jihar Fensilbeniya ya gwada a 1983, inda ake ware rabin sa'a a kowace rana, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, domin tunanin matsaloli kawai, duk tunanin da ya taso a wani lokaci a ɗage shi zuwa wannan zama. A zaman ne ake rubuta matsalolin, ko a faɗa wa wani amintacce idan rubutu bai samu ba, a ware waɗanda ke da mataki a hannu, a zaɓi ɗaya, a sa masa rana. Amfanin wannan yana komawa ga gwajin Weiss ne, domin ƙaramin mataki da mutum ya zaɓa da kansa yana dawo masa da wani yanki na iko, kuma adashen da matan unguwa da 'yan kasuwa suke yi yana da irin wannan fa'ida bayan ta kuɗi, tunda mai zubi ya san ranar kwasarsa.

Ta ɓangaren jiki, ƙofar da ta fi kusa ita ce numfashi, saboda akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da hanji wadda aikinta shi ne taka burki, kuma tana ƙara aiki a lokacin fitar da numfashi, shi ya sa jan iska a hankali da sakinta a tsawon da ya fi na jan, na 'yan mintoci, yake rage gudun zuciya. Herbert Benson na Harvard ya nuna a littafinsa na 1975 cewa maimaita kalma ko addu'a cikin natsuwa, tare da mayar da hankali a duk lokacin da ya zame, yana rage bugun zuciya da yawan iskar da jiki yake ƙonawa, kuma shi da kansa ya ce addinai sun riga shi sanin wannan. Mai lazimi bayan sallar asuba ko mai addu'ar safe ba don haka yake yi ba, amma jikinsa yana samun rabonsa. Motsa jiki yana ƙone sukari da sinadaran da firgita ta tara domin gudun da ba a yi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, shawarar da ta shafi ma'aikacin ofis da mai zaman shago da matar da ba ta cika fita ba fiye da manomi ko ɗan dako, waɗanda hutu ne ya yi musu ƙaranci. Barci kuwa shi ne lokacin da kotizol yake sauka, baligi yana buƙatar sa'a bakwai ko fiye, kuma abin da ake yawan mantawa shi ne sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa yana ɗaukar kimanin sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka shayin majalisa na bayan isha'i yana nan a jiki har tsakar dare, ga kuma waya a hannu tana kawo labarin garkuwa da mutane daga jihohi uku a lokacin da ya kamata ido ya rufe.

Hanyar da ta fi haɗari ita ce ta kwantar da damuwa da ƙwaya. Binciken da aka yi a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su tiramadol, kuma a Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga masu sha ba neman maye ya kai su ba, neman ƙarfin aiki ne ko neman barci, sai dai sauƙin sa'o'i kaɗan yana dawowa da fargabar da ta fi ta farko idan ƙwayar ta sake su.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa a matsayin garkuwa shi ne samun wanda za a faɗa wa. A 2006 likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a unguwar Mbare ta birnin Harare a Zimbabuwe, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci su saurari masu fama da abin da harshen Shona yake kira kufungisisa, wanda ma'anarsa ita ce yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe yake faɗa. Kakannin ba sa ba da magani kuma ba sa wa'azi, suna taimaka wa mutum ne ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya fitar da matakin da zai ɗauka, cikin zama shida. A gwajin da aka wallafa a 2016 da mutum 573, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da alamun tsananin damuwa, a kan kusan kashi 50 na waɗanda suka samu kulawar da aka saba. Ƙasar Hausa ba ta rasa benci ba, tana da dakali da majalisa da zaure da gidan suna da ƙawaye da aminai, abin da ya yi ƙaranci shi ne izinin magana, domin an tarbiyyantar da namiji cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, an tarbiyyantar da mace cewa asirin gidan miji ba ya fita, kuma wanda ya yi ƙarfin halin buɗe baki yakan samu amsar sai haƙuri kafin ya kai ƙarshen zancensa. Zumunci kansa yana da fuska biyu, tunda dangin da suke tallafa wa mutum su ne kuma suke jiran albashinsa.

Saboda wannan kunya, damuwa takan bayyana ne da harshen jiki. Tun a 1960 likita Raymond Prince ya bayyana yadda ɗalibai a kudancin Najeriya suke zuwa da kukan zafi a ka, jin kamar wani abu yana tafiya a ƙarƙashin fata, da kasa riƙe karatu, kuma har yau abin da ake kai wa mai kemis shi ne ciwon kai, faɗuwar gaba, ciwon jiki da rashin barci, a karɓi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot a koma gida. Akwai iyakar da dabarun da aka ambata ba sa wucewa: idan ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, ko mutum ya kasa aikinsa da kula da iyalinsa, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa, to lamarin ya zama ciwo mai magani, kuma na ƙarshen ba ya jiran gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga sassan da ke manyan asibitocin koyarwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda sunanta kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa. Ko kafin a kai can, ƙaramin asibiti yana iya auna hawan jini da sukari da yawan jini, domin ƙarancin jini da yawan aikin gaɓar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo suna kawo bugun zuciya da rawar hannu da rama waɗanda ake iya ɗauka yawan tunani ne.